Makonnin Da Titinmu Ya Yi Shiru

Talata, 1 ga Oktoba, tara da rabi na dare

Saura rabin awa doka ta fara aiki. Ɗazu da la'asar ma'aikatan ƙaramar hukuma suka kafa allon a bakin gada: duk motar da ta haura tan goma sha biyu ba ta shiga gari daga goma na dare zuwa shida na safe, Asabar da Lahadi kuwa ko da rana ba ta shiga. Sai dai su bi hanyar bayan gari, wadda suke gudu saboda nisa da kuɗin hanya. Can ta matse musu.

Shekara biyu ina wannan faɗa. Ni na bi gida-gida da takarda har na tara sa hannun mutum dubu da ɗari da arba'in. Ni na ɗauki hoton tsagewar bangon kicin ɗinmu na dangwarar wa magajin gari a tebur. Donka maƙwabciyata ta shigo da barasar gida, rakiya, a kwalbar lemo, wai mu kurɓa don lafiyar shugaba. Na ce, "Shugabar wa? Ke dai tsiyaya, daɗin bakinki ya yi yawa."

Mahaifina ya shanye miyar wake kwano guda, na kai shi ya kwanta. Na ce, "Tate, yau za ka yi barcin da ka daɗe ba ka yi ba." Ya ce to. Sai ya tambaye ni ko Mama ta dawo daga kasuwa. Na ce tana hanya.

Don shi na yi duk wannan. Wana, Bate Rumen, tun bara yake nacin a kai Tate gidan tsofaffi. Ni kuma na ce rashin barci ne kawai ke ruɗa shi. Wane ɗan adam ne zai runtsa, tirela na wucewa taku huɗu daga filonsa? A kawar da motocin a gani. Kafin Mama ta cika na riƙe hannunta na ce ba inda za a kai shi, kuma ba inda za a kai shi.

Laraba, 2 ga Oktoba, shida saura na safe

Ko kofi ɗaya bai yi rawa a kabad ba. Na yi barci kamar an jefa dutse a rijiya. Da na leƙa ɗakin Tate na tarar da shi zaune a bakin gado, takalmi a ƙafa. Rashin sabo ne.

Juma'a, 4 ga Oktoba, uku na dare

Tsaye na same shi a bakin taga, ya kara kunne a gilashi.

Ya ce, "Neda, me ya faru a hanya?"

Na ce ba komai, doka aka yi, motoci sun koma bayan gari.

Ya ce, "Ke yarinya ce. Hanya ba ta yin shiru a banza. In ba wani ne ya kife a kwana ba, to iyaka aka rufe. Rabon da in ji irin wannan shirun tun ranar da yaƙi ya ritsa da mu a hanyar Bagadaza, kwana goma sha tara muna ƙarƙashin mota."

Shekara talatin da huɗu yana jan tirela. Bai san yau wace rana ba ce, bai san ya ci abinci ba, amma ya san kwana goma sha tara. Na sake yi masa bayanin doka. Ya gyaɗa kai. Bayan minti biyar ya ce, "Neda, me ya faru a hanya?"

Asabar, 5 ga Oktoba, bakwai na yamma

Duk unguwa ta fito bakin titi gashin tattasai na ajiyar hunturu. Rabon da mu yi shi a waje tun ina budurwa. Yara na tseren keke a tsakiyar kwalta, kowa ya wuce sai ya ce, "Neda, Allah ya saka." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ɓare tattasai har farcena ya yi baƙi.

Tate bai zauna ba. Daga ƙofar gida zuwa turken fitila, daga turken fitila zuwa ƙofar gida. Donka ta kira shi da sunan da unguwa ke kiransa, ta ce, "Bai Stamen, zo ka zauna mana, ko budurwa kake jira?" Da can sai ya mayar mata da wadda ta fi ta. Yau ko kallonta bai yi ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba, huɗu na asuba

A kwanar gada na same shi, da kayan barci da takalmi. Tocila a hannu ɗaya, a ɗayan kuma alamar nan ja mai kusurwa uku da direbobi ke ajiyewa bayan motar da ta lalace. Ban ma san tana gidan ba. Ya kafa ta a tsakiyar titi yana haska rami.

Ya ce, "Ba a wuce ɗan'uwa a hanya. Zo ki riƙe min fitila."

Na riƙe. Muka haska ramin tare, ba komai sai gorunan roba. Sannan ya yarda muka dawo.

Talata, 8 ga Oktoba, biyu da rabi na rana

Na zuba sukari a miyar yara maimakon gishiri. Shekara ashirin da biyu ina dafa abinci a makarantar nan ban taɓa yin haka ba. Shugabar kicin ta zo ta karɓe ludayin.

Bate Rumen ya kira daga Plovdiv. Ya ce, "Ya tsohon? An samu barci?" Na ce har da munshari. Ya ce madalla, ashe ni ce da gaskiya. Ban taɓa jin ya faɗi haka ba tun muna yara, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, sha ɗaya na dare

Dabarar Donka ce. Ta je bakin gada da rana ta naɗo ƙarar tireloli a waya, muka tura wayar ƙarƙashin gadonsa tana ta maimaitawa. Ya kwanta ya lumshe ido. Ni da ita muna bakin ƙofa, numfashi ma a hankali muke yi.

Can sai ya ce, "Wannan wane sakarai ne?"

Na ce, "Wa, Tate?"

Ya ce, "Mota ɗaya ce. Sau tara ke nan yana wucewa, kuma duk wucewa sai ya ci zarafin giya ta uku. A je a karɓe lasinsa."

Donka ta toshe baki da atamfar gabanta ta gudu kicin. Na bi ta muka yi dariya har da hawaye. Da na koma ɗakin ya riga ya fara ɗaura igiyar takalmi.

Asabar, 12 ga Oktoba, biyar na asuba

Kwanar gada. Sau biyu.

Lahadi, 13 ga Oktoba, tara na safe

Daren jiya na rasa yadda zan yi, na buga wa Donka ƙofa. Ta fito da tsohuwar motarta, muka sa shi a baya da bargo, muka tafi filin da ke bakin hanyar bayan gari, inda tireloli ke jiran Litinin. Waɗansu na fake, waɗansu na wucewa a guje, ƙasa na girgiza. Ko minti goma ba a yi ba kansa ya langaɓe. Baki a buɗe, hannu a kan ciki, kamar jariri.

Wani direba ya ga mata biyu a mota cikin sanyi, ya kawo mana shayi. Sevgin sunansa. Kayan wani kanti ne a motarsa, kantin yana cikin gari, kilomita huɗu kacal, amma sai Litinin zai shiga. Jikarsa ta cika shekara ɗaya yau, can garinsu.

Ya ce, "An ce wata mata ce ta tayar da duk wannan fitinar, ta bi gari da takarda kamar mai tallan kwai. Ina ma in gan ta in tambaye ta ko burodin da take ci da ƙafarsa yake zuwa."

Donka ta buɗe baki, na take mata ƙafa. Na ce, "Ai mutane sai a hankali." Na shanye shayinsa tas, na yi godiya.

Awa shida Tate ya yi bai motsa ba. Da ya farka ya kira sunana daidai, ya kira na Donka, har ya ce mata motarta na bukatar sabon birki.

Talata, 15 ga Oktoba, huɗu na yamma

Dare uku a jere muna zuwa filin. Yau Donka ta ce, "Neda, wallahi ina son Bai Stamen kamar ubana, amma bayana ya ƙi, kuma likita ya hana ni tuƙin dare." Ba ta yi laifi ba. Ni ban iya mota ba. 'Yar direba guda, ban iya mota ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ɗaya na rana

Na ɗauki hutun rabin yini na je ƙaramar hukuma. Ban san me na je nema ba sai da na zauna a gaban matar da ke karɓar koke. Na ce ko za a iya sassauta dokar, a bar ko da motocin madara da na burodi su riƙa wucewa da dare.

Ta sauke tabarau. Ta kira cikakken sunana, ta ce, "Ba ke ce Nedyalka ba? Mai takarda?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Ikon Allah. Shekara biyu kin hana mu shan kofi a ofishin nan. Yanzu kuma kewarsu kike yi?" Ta kira na kusa da ita ya zo ya gan ni. Ba da mugunta suka yi dariyar ba, shi ya fi min ciwo. Ta ce in ina so in kawo sa hannun mutum dubu.

Wa zan je wa? Uwar tagwayen nan da ta rungume ni a bakin coci ta ce 'ya'yanta sun daina firgita? Na fito ban faɗa musu dalili ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, shida na yamma

Na sayo sakata da kwaɗo. A ƙofar ɗakin Tate na kafa, ta waje.

Juma'a, sha biyu na dare

Yana ƙwanƙwasawa a hankali, irin na mai ladabi. "Jami'i, takarduna cikakku ne." Na sa filo a kai.

Lahadi, 20 ga Oktoba, goma na safe

Na share gilashi. Na wanke zanen gado sau biyu, ruwan sanyi ya fi fitar da shi. Ɗinki huɗu aka yi masa a tafin hannu. Na toshe tagar da kwali.

Ma'aikaciyar asibiti ta tambayi abin da ya samu kumatunsa. Na ce ƙofa ce.

Ba abin da zan ƙara rubutawa game da daren jiya.

Lahadi, huɗu na yamma

Ƙofa ce.

Litinin, 21 ga Oktoba, uku na dare

Na cire kwaɗon. A ƙasa nake kwana yanzu, a bakin ƙofarsa, in zai fita sai ya tsallake ni. Ɗazu na kai hannu zan gyara masa wuyan riga, ya kare fuskarsa da hannun da aka ɗinke.

Mutumin da bai taɓa ɗaga mana yatsa ba. Ko ranar da Bate Rumen ya ƙona rumbun ciyawa, zama kawai ya yi ya dafe kai.

Laraba, 23 ga Oktoba, takwas na dare

Bate Rumen ya zo ba sanarwa. Na san wadda ta kira shi. Na ga Donka ta labule tana shanya, ta ƙi ɗago kai.

Ya kawo banitsa, gurasar nan mai cuku, daga wurin matarsa, ya zauna kusa da Tate yana gutsura masa. Ya kalli hannun, ya kalli tagar, ya kalli ramukan ƙusa a jikin ƙofa. Sannan ya kama haɓar Tate ya juya ta wajen haske. Wurin ya koma ruwan ɗorawa.

Ya ce, "Tate, wa ya yi maka wannan?"

Tate ya ce, "Wata mata ce a bakin iyaka. Na ce mata akwai mutum a rami, ta ƙi buɗe min. Kar ka kai ƙararta, ta gaji ne. Ita kaɗai ce a wurin."

Na tashi na shiga kicin na buɗe famfo. Bate ya biyo ni ya rufe famfon. Na shirya masa, wallahi na shirya, da ya ɗaga murya da na wanke shi tas: ina kake shekara uku, wa ke wanke shi, wa ke aske shi. Amma bai ɗaga ba.

Ya ce, "Neda, yaushe rabonki da barci?"

Na ce, "Ina ruwanka?"

Ya ce, "Mama ba ta ce ki mutu ba."

Na ce, "Ba ka wurin. Ba ka san me ta ce ba."

Ya ce, "Haka ne, ba na wurin." Ya ɗauki tsumma ya hau goge kwanukan da na riga na goge.

Asabar, 26 ga Oktoba, biyar na yamma

Na bi shi ne don in ga gidan tsofaffin in ce bai yi ba. Na tafi da kushe cike da bakina.

Gidan yana da tsabta, babu wari. Wata tsohuwa na saƙa a baranda, wani na ba kyanwa cuku. Shugabar gidan ta zaga da mu, sannan ta fara murza hannu. Ta ce ɗaki ɗaya ne ya rage, kuma gara ta gaya mana gaskiya, ba mai son sa. Yana fuskantar hanyar bayan gari. Tun da aka yi dokar nan ta cikin gari, duk manyan motoci ta nan suke bi, dare da rana, Asabar da Lahadi ma ba hutu. Mutum biyu aka sauya wa ɗaki a watan nan.

Tana cikin magana wata tankar mai ta wuce, kofin da ke kan tebur ya yi rawa.

Na fashe da dariya. Na kasa tsayawa, har na zauna a bakin gadon. Matar ta kalli Bate Rumen, shi kuma ya kalli silin. Ta kawo min ruwa da hankici.

Lahadi, 27 ga Oktoba, tsakar rana

Na kunna wa Mama kyandir a coci. Na tsaya har ya ci rabi, sannan na fito.

A ƙofar gida akwai takardar tunawa da ita mai hotonta, wadda muka liƙa da ta shekara uku. Tun bazara na rufe ta da tukunyar fure don kar Tate ya karanta ya sake jin mutuwar sabuwa. Yau na matsar da tukunyar na kalle ta, na mayar.

Talata, 29 ga Oktoba, uku na dare

Ya tsallake ni ban ji ba. Mai kai burodi ne ya dawo da shi da asubar jiya, ba takalmi ɗaya. Yau na ɗaura igiyar rigata a ƙafar gadonsa da hannuna, kamar hakan zai hana wani abu.

Laraba, 30 ga Oktoba, bakwai na safe

Na kira Bate Rumen. Na ce Asabar.

Alhamis, 31 ga Oktoba, sha ɗaya na dare

An ce a rubuta sunansa a jikin kowane tufa. Riga shida, wando huɗu, safa. Donka ta shigo ba sallama ta ɗauki allura ta zauna. Rabon da in yi mata magana kwana takwas.

Ta ce, "Ki zage ni in za ki zage ni."

Na ce, "Miƙo zaren nan baƙi, munafuka."

Ta miƙo. Muka yi ta ɗinki har goma. Ban san goma ta yi ba sai da na ji titi ya ɗauke.

Asabar, 2 ga Nuwamba, uku na rana

Da ya ga jaka a bakin ƙofa sai fuskarsa ta washe. Ya ce a kawo reza. Ya sa na aske shi tas, ya sa jaket ɗinsa na fata da ya daina sawa tun da ya bar aiki, ya tambayi Bate Rumen wane kaya aka loda. Bate ya ce tumatirin gwangwani. Ya ce, "Kaya mai hankali. Ba ya motsi a kwana."

Mun fito, Bate ya buɗe masa mota. Sai ya tsaya cak a bakin ƙofar gida, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Bate ya ce, "Tate, mu je mana, rana na yi." Ya ce, "Haka zan fita? Ina ruwan?"

Na ɗauka ƙishi yake ji. Bate ne ya tuna. Duk tafiyar da Tate zai yi, Mama kan cika butar tagulla ta kwarara ruwa a gabansa a bakin ƙofa, don hanya ta tafi masa sumul kamar ruwa, ta kuma dawo da shi. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa fashi ba. Ni ban taɓa yi ba, kallo kawai nake yi ta taga.

Butar tana can saman kabad, ta yi kore. Na cika ta. Rabin ruwan a takalminsa ya zube. Ya kalli ruwan yana gangarawa kwalta, ya taka shi da ƙafar dama, ya wuce. Na san abin da nake roƙo da ruwan nan ƙarya ne, shi ya sa na kasa ɗago kai.

Ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota sai ya juyo. Ya kalle ni sosai, irin kallon da ya daɗe bai yi min ba.

Ya ce, "Ba ki iya zubawa kamar uwarki ba, Neda. Amma ya wadatar."

Na ce, "Tate."

Ya ce, "Wannan tafiyar mai nisa ce. Kar ki zauna jirana. Ki shiga ki kwanta."

Sun wuce gada tun sha ɗaya. Ruwan ya bushe, har yara sun dawo da kekunansu. Ina nan zaune a dakalin ƙofa da butar a cinyata, ban shiga ba tukuna.